Wanda Ka Wuce Ta Samansa, Maƙwabcinka Ne?

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,400. Na taɓa rubuta 'yar manhajar da ke lissafa irin wannan nisa, layukanta ba su kai goma ba. Ka ba ta wurin tashi da wurin sauka, ta fito maka da hanya mafi gajarta a doron duniya. Ba ta tambayar abin da ke tsakani. Jirgi kuwa awa huɗu da rabi zuwa biyar ya cinye tafiyar.

Abin da ke tsakanin shi ne Chadi da Sudan. Kakanninmu a ƙasa suka ratsa su, ta Barno da Wadai da Darfur, har bakin teku a Sawakin. Wani ya yi shekaru a hanya, yana tsayawa ya yi noma ko ƙodago ya haɗa guzurin gaba. Wasu ba su ƙarasa ba, wasu ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya ci, wanda ya yi gabas da jama'a bayan yaƙin Burmi a 1903. Mutumin da ya sha ruwan rijiyar wasu, ya binne ɗansa a maƙabartarsu, ba sai an tuna masa cewa suna da hakki a kansa ba.

Ba kewar wahala nake ba. Tsohuwar da yau za ta karya kumallo a Kano ta yi la'asar a Jidda, a wancan zamani da wuya ta ga Ka'aba. Sauƙi rahama ne.

Amma a watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, aka rufe sararin samaniyar Sudan. Dole jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi. Da yawanmu ta nan yaƙin ya fara shigo mana gida, har da ni: maganar kuɗin kujera na riga ji a zuciyata kafin maganar mutanen da ake kashewa, cikinsu har da masu jin Hausa irina.

Za a iya cewa wanda bai ci gishirinka ba, ba ya binka komai, kuma ba wanda zai iya ɗaukar nauyin duk garin da ya gifta daga nisan kilomita goma a sama. Na yarda da rabin maganar. Sai dai shekara da shekaru zaman lafiyarsu ne yake gajarta mana hanya, muna amfana ba mu sani ba. In har mun ci moriyar samansu, ban ga yadda za mu ce ƙasansu ba ruwanmu ba.