Dariyar Ƙeta Ba Ta Kawo Riba

Duk wanda ya tsaya a Bata, cikin Kano, da hantsi zai ga yadda abincin wani ke hannun wani. Ɗan dako Bahaushe na tura baro shaƙe da kwalayen wani ɗan kasuwa Ibo, Bayarabiya na ciniki da Hausa tiryan-tiryan, ɗan Fagge na karɓar kaya bashi a Sabon Gari ba tare da takarda ba. Amma da zarar masifa ta sauka a ɗaya ɓangaren, sai ka ji wani ya taɓe baki ya ce, "Allah ya ƙara, ai halinsu ne ya ja musu."

Wannan mugun hali yana da saiwa. Mutum ba ya iya murnar asarar wanda ya sani da suna, wanda suka ci abinci tare. Sai ya fara shafe sunan, ya maye gurbinsa da ƙabila. Nan a ce Ibo ba su san komai ba sai kuɗi, Sabon Gari kuma matattarar giya ce. Can a ce Bahaushe jahili ne mai son rigima. Idan aka yi wa jama'a kuɗin goro haka, kukansu ba ya ƙara taɓa zuciya.

Masifa kuwa ba ta tambayar asali. Ranar 18 ga Maris 2013 bam ya tashi a tashar New Road, inda ake shiga manyan motocin Kudu. Ranar 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na cikin birni, mutane fiye da 100 suka rasu. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Abubakar Rimi, ta haɗa jarin Alhaji da na Oga ta mayar toka. Washegari ɗan dako ya rasa kayan ɗauka, mai abinci ta rasa masu saye. Wa ya ci riba?

Tarihi ma ya gargaɗe mu. Ihun izgili da aka yi wa wakilan Arewa a Legas yana cikin abin da ya hura wutar rikicin Mayun 1953, lokacin da mutane fiye da 30 suka mutu a Kano, tsakanin Fagge da Sabon Gari. Raini ne ke fara share wa jini hanya.

Manzon Allah (SAW) ya kasance yana neman tsari daga murnar maƙiya. Ciwonta kuwa kan zarce ciwon asarar kanta. To, yaya mai bin sa zai ɗanɗana wa maƙwabci abin da shi Annabi ya nemi tsari daga gare shi?

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ka taka ka je jaje, ko da yarenku ba ɗaya ba ne. In kana bin sa bashi, ka ɗaga masa ƙafa har ya farfaɗo. In kuma wani ya fara "Allah ya ƙara" a majalisarku, ka tsawatar masa a gaban yara, domin daga bakin manya suke koyon wanda za su tausaya wa.