KURKUKUN 'YAN KASUWA: WA YA KAMATA YA RIƘE MAKULLI?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, a Amurka akwai kamfanonin da sana'arsu ita ce tsare fursunoni. Kotu ta yanke hukunci, gwamnati ta miƙa musu mutum, su kulle shi, a riƙa biyansu kuɗi a kan kowane kwana da ya yi. Babba daga cikinsu, wanda yanzu ake kira CoreCivic, an kafa shi a 1983 a jihar Tennessee, kuma ana sayar da hannun jarinsa a kasuwa kamar na kamfanin siminti. Ingila da Ostiraliya ma suna da irin wannan tsarin.

Masu goyon baya suna da hujja, kuma adalci ne a faɗe ta. Sun ce kamfani ya fi gwamnati saurin gini, ya fi ta tsimin kuɗi, kuma idan ya gaza ana iya ƙwace kwangilar. Hakan ya taɓa faruwa: a 2018 gwamnatin Ingila ta karɓe kurkukun Birmingham daga hannun kamfanin G4S saboda lalacewar da ya yi. To ita gwamnati in ta gaza, wa zai ƙwace daga hannunta? Wannan tambaya ce mai nauyi, musamman gare mu a Najeriya, inda mafi yawan waɗanda ke gidan yari jiran shari'a suke, ba a ma yanke musu hukunci ba.

Amma ga abin da ya hana ni natsuwa. Likita yana samun yabo in maras lafiya ya warke. Shi kuwa mai kamfanin kurkuku, duk gadon da ya zama babu kowa asara ne a littafinsa. Wasu kwangilolin ma har sharaɗi ake sa wa gwamnati cewa ko dai ta cika gadaje, ko ta biya kuɗin waɗanda babu kowa. Ka ga kenan tuban mai laifi da shiryuwarsa ba su cikin maslahar mai gidan.

Kada ka ce zato ne. A gundumar Luzerne ta jihar Pennsylvania, alƙalai biyu sun karɓi sama da dala miliyan biyu daga masu alaƙa da wuraren tsare yara na 'yan kasuwa, suka riƙa tura yara can a kan laifin da bai taka kara ya karya ba. Wata yarinya laifinta kawai ta yi wa mataimakiyar shugaban makarantarsu ba'a a intanet. A 2011 aka ɗaure ɗaya daga cikin alƙalan, Mark Ciavarella, shekara 28, kuma kotun ƙolin jihar ta soke dubban hukunce-hukunce. Subhanallah! An soke a takarda, amma wa zai mayar wa yaran nan da ƙuruciyarsu?

To mene ne matsayin shari'a? Tsare mutum wilaya ce, hakkin hukuma, daidai da alƙalanci da tsayar da haddi. A zamanin Sayyidina Umar (RA) an sayi gidan Safwanu bin Umayya a Makka aka mai da shi kurkuku. Lura da kyau, sayen gidan aka yi daga hannun mai shi, ba a ba shi riƙon fursunoni ana biyansa a kan kowane kai ba. Daga baya Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, a cikin Kitabul Kharaj, ya shawarci Halifa Haruna Rashid da a ɗauki nauyin cin fursunan da ba shi da hali daga baitul mali, a ba su tufafin sanyi da na zafi, kada a bar su suna fita bara da sarƙa. Ma'ana, fursuna nauyi ne a wuyan hukuma. Kuma akwai hikima a nan: muddin kowane ɗaurarre kashe kuɗi ne ga baitul mali, shugaba zai yi tunani sau biyu kafin ya cika gidan yari.

Ban ce haramun ne a ɗauki ɗan kwangila ya gina ɗakuna, ko ya dafa abinci, ko ya koyar da kafinta da ɗinki ba. Wannan ijara ce, babu laifi in an kiyaye amana, kodayake mun san yadda ɗan kwangilar abinci ke iya mayar da miya ruwa zalla in babu mai duba tukunya. Inda nake jan layi shi ne makulli: wa zai kulle, wa zai hukunta mai taurin kai a ciki, wa zai rubuta rahoton da za a duba kafin a saki mutum. Wannan kada ya kasance a hannun wanda ribarsa ke ƙaruwa da tsawon zaman fursuna. Ko kotun ƙolin Isra'ila a 2009 ta haramta kurkukun 'yan kasuwa, a kan cewa yana keta 'yanci da mutuncin ɗaurarre.

Tun 2023 aka gyara kundin tsarin mulkin Najeriya, jihohi suka samu damar kafa nasu gidajen gyaran hali. Ba mamaki wata rana wani gwamna ya zo da maganar haɗin gwiwa da 'yan kasuwa. In ranar ta zo, ku nemi a nuna muku yadda za a riƙa biyan kamfanin: a kan yawan kawunan da ke ciki ne, ko a kan yawan waɗanda suka fita ba su dawo ba?

Wallahu a'alam.