Gidana Da Ganuwarmu

A ƙasar Danmak, cikin shekara ta 1972, iyalai 27 suka tare a wata sabuwar unguwa kusa da garin Hillerod. Kowane iyali yana da gidansa, da madafinsa, da ƙofarsa. Amma a tsakiya akwai babban ɗaki na kowa da kowa, inda su kan taru su ci abinci tare, yara kuwa suna wasa a fili ɗaya. Daga can wannan irin zama ya bazu har Amurka da Ingila. A birnin Biristol na Ingila, wajen shekara ta 2000, waɗansu maƙwabta suka haɗa kai, daga baya suka sayi wani tsohon fili, suka rarraba shi, kowa ya gina gidansa yadda ya ga dama, suka keɓe fili da ɗakin taro domin jama'a duka.

To, ga tambaya. Mutumin da ya gina gida da gumin kansa, ina iyakar abin da maƙwabcinsa yake binsa?

Waɗansu sun ce mai-bi na gaske ba ya cewa wani abu nasa ne. Amma Littafi Mai-Tsarki bai koya mana haka ba. Cikin Ayyukan Manzanni sura 5, Bitrus ya nuna wa Hananiya gonar tasa ce kafin ya sayar, kuɗin kuma yana hannunsa bayan ya sayar. Ƙarya ce ta kashe shi. Mallakar gida fa ba zunubi ba ne.

Amma mu duba Nehemiya sura 3. Sa'ad da ake gyaran ganuwar Urushalima, mutane da yawa sun yi aiki daura da gidajensu. Kowa da rabonsa, ganuwa kuwa ɗaya ce. Da mutum guda ya bar nasa wurin a rushe, da magabci ya shiga ta nan ya ci garin duka. Shallum ya yi aiki tare da 'ya'yansa mata, amma manyan Tekowa suka ƙi sa hannu, an kuwa rubuta ƙinsu har wa yau. Aka gama ganuwar cikin kwana 52.

Jaraba ba ta kan zo ranar da ake haƙa tushe ba, gama a ran nan kowa yana bukatar ɗan'uwansa. Ta kan zo ran da rufinka ya hau, na maƙwabcinka kuwa da saura, ɗakin jama'a ma ko ƙofa ba shi da ita. A nan ne zuciya ta kan ce, na gaji, nawa ya ƙare. Saboda wannan hali annabi Haggai ya tsauta wa mutanen Yahuda, domin sun ƙawata gidajensu, Haikali kuwa yana kango.

Bulus ya haɗa abu biyun nan cikin Galatiyawa sura 6: kowa da kayan da zai ɗauka da kansa, duk da haka nawayar ɗan'uwa tana wuyanmu. Ka gina gidanka, kada ka zama kaya ga kowa. Sa'an nan kada ka ajiye magirbi sai na maƙwabcinka ya tsaya.

Ku tattauna: A cikin ikilisiyarmu, wane wuri na ganuwa yake a rushe, daura da ƙofar wa yake kuma?