Waƙar Lasifika da Sharhinta: Gargaɗi ga Mai Son Sauti Mai Tsada

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, tambaya ta yawaita tsakanin 'yan'uwa waɗanda Allah ya buɗa wa: shin ya dace muridi ya zuba dukiya mai yawa wajen sayen lasifika ta ƙoli domin ɗakinsa? Ga amsa a cikin baitoci bakwai.

Na gode Allah wanda ya ƙagi kunne,
Ya sa iyaka ga abin da yake jiyowa.
Ya kai mai son lasifika mai tsada,
Tsaya ka auna tun gabanin sayowa.

Sharhi: Ka sani, ya ɗan'uwa, sauti girgizar iska ce. Kunnen yaro lafiyayye yana jin girgiza daga 20 zuwa 20,000 a cikin daƙiƙa ɗaya. Da shekaru suka ja, siraran sautuka na sama su ne ke fara ɓacewa, kuma ba su komowa. To, galibi dukiyar sayen irin wannan kaya ba ta zuwa sai furfura ta fito. Su kuwa maƙera ba su da iyaka a wajen farashi. Kamfanin Wilson Audio na Amurka ya fitar da wata mai suna WAMM Master Chronosonic wadda kuɗin guda biyu ya wuce dalar Amurka 600,000. Kyakkyawan abu ba haram ba ne ga wanda ya samu ta halal, ga aya ta 32 a Suratul A'arafi, kuma an san Imamu Malik da sanya tufafi masu kyau. Amma ayar da ke gabanta, ta 31, ita ce ta hana almubazzaranci. Tsakanin ayoyin nan biyu mas'alarmu take.

Aikinta amana ne, ta ba ka sauti
Yadda aka ba ta, ba ragi ba ƙarawa.

Sharhi: Asalin wadda muke gani yau aikin Rice da Kellogg ne, a Amurka, shekarar 1925. Naɗin waya ne a cikin maganaɗisu, lantarki ya bi ta cikinsa, ya tura mazurari gaba da baya, iska ta motsa. Babban mazurari na sauti mai kauri ne irin na tambari, ƙaramin kuwa na siriri irin na sarewa. Duk wahalar gwanaye ita ce kada akwatin ya sa baki a cikin maganar. Saboda haka ne Bowers & Wilkins na Ingila suka ƙera Nautilus a 1993 da siffar katantanwa, domin sautin da ke fita ta bayan mazurari ya mutu a cikin bututu, kada ya dawo ya gurɓata na gaba. Ashe darajarta irin ta marawaici ce, wanda ba ya ƙari a kan abin da ya ji. Wanda ke son jin karatun Shehu Husari, da aka naɗi dukkan Alƙur'ani da muryarsa a Masar a 1961, da maharijan haruffa a fili, ya nemi abu mai kyau, kuma niyyarsa tana da lada in Allah ya so.

In za ka zaɓa, sa ta bayan labule,
Ido yana ruɗin kunne gun zaɓawa.
Abin da kunne bai rabe ba ka biya shi,
Na baƙi ne, nan riya take tsirowa.

Sharhi: Nan ne zuciyar magana. A 1994 wasu masana biyu, Floyd Toole da Sean Olive, sun sa mutane sun saurari lasifikoki suna kallonsu, sannan suka sake saurare an rufe su da labule. Hukuncinsu ya sāɓa. Da ido a buɗe, manya masu ƙyalli sun sami yabon da ba su samu ba a bayan labule, kuma har gwanayen saurare ba su kuɓuta ba. Wannan shi ne abin da shehunnanmu suke faɗa game da nafsu: takan yi wa son rai ado da hujja. To, ka yi wa kanka wannan jarrabawa. Ka sa wani ya kunna maka mai tsada da matsakaiciya da ƙarfi ɗaya, ba ka ganinsu. In ka rabe su sau da yawa ba kuskure, bambancin gaskiya ne. In ka kasa, to rarar kuɗin nan ba kunnenka ka saya wa ba, idon baƙo ka saya wa. Sannan ka tambayi zuciyarka: da za a ce babu wanda zai taɓa ganinta ko ya san kuɗinta, za ka saya? Ka kuma dubi ɗakin. Bangon siminti tsirara da daɓen tayil suna mayar da amo har su ɓata sautin mafi tsadar kaya, alhali darduma da labule da gyara wurin ajiyewa suna yin aiki da kuɗi kaɗan.

Maƙwabcinka yana da hakki a bango,
Sassauta murya, dare na hutawa.

Sharhi: Sauti mai kauri yana keta bango fiye da siriri. Akwai mara lafiya a bayan katangarka, akwai mai jego, akwai mai tsayuwar dare. Ko karatu ne kake saurare, cutar da maƙwabci ba ibada ba ce. Kunnenka ma amana ne: masana lafiya sun ce ƙarar da ta wuce desibel 85, in aka daɗe a cikinta awa 8 kullum, tana kashe jin mutum sannu a hankali. Kafin duk wannan kuwa, a duba zakka ta fita, bashi ya biyu, iyali da dangi matalauta ba su da kuka.

Kunnen kai zai tsufa, gyara na zuci,
Shi za a tambaya a ranar tsayuwa.

Sharhi: Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya keɓe littafi guda a cikin Ihya'u a kan ladubban saurare. Abin da aka fahimta daga gare shi shi ne sauti yana motsa abin da ke cikin zuciya ne, ba ya zuba mata abin da babu. Mun ga talaka yana zubar da hawaye a gaban ƙaramar rediyo mai shashshaka, domin zuciyarsa a farke take. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta sanar da mu cewa za a yi tambaya a kan ji da gani da zuciya. Saboda haka mai hali ya sayi mai kyau gwargwadon abin da kunnensa ya tabbatar, ya tsaya nan, ya mayar da rarar ga rijiya ko makaranta ko maraya.

Allah ya sa mu cikin masu jin magana su bi mafi kyawunta, ya tsare mu daga riya ta fili da ta ɓoye. Allah ne Mafi sani. Tammat bi hamdillahi.