Ɗaukakar Abokin Zama: Godiya Ko Alfahari?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, mas'alarmu ta wannan mako ta taso ne daga majalisun Birnin Kudu da Gwaram. Tun da aka kafa Jihar Jigawa a 1991, 'ya'yanmu mata da yawa sun yi zurfi a karatu. Waɗansu sun fito daga makarantar 'yan mata ta Gwaram, waɗansu daga kwalejin koyon jinya da ungozoma ta Birnin Kudu, ga su nan suna aiki a asibitoci da makarantu. Sai a wayi gari an ƙara wa mace girma, an ambaci sunanta a rediyo, har abokai su soma kiran maigida "mijin Hajiya". To, me ya kamata ya ji a zuciyarsa?

Wani sai ya ɗaure fuska, ya shiga neman laifi a tuwo da miya, ƙarshe ya ce ta bar aikin, alhali kuwa da yardarsa ta soma. Yana kiran wannan kishi, amma in an tona hassada ce. A Suratun Nisa'i, aya ta 32, Allah ya hana mu ƙyashin abin da ya fifita wasunmu da shi, ya kuma bayyana cewa maza suna da rabo daga abin da suka tsiwirwirta, mata ma suna da nasu. Wanda ya yi hassadar matarsa, a ɗakinsa ya kunna wuta.

Mu dubi gidan Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah ya yarda da shi. Babban malami ne cikin sahabbai, amma ba mai wadata ba. Matarsa Zainabu ita ke ciyar da shi da marayun da ke hannunta. Buhari ya ruwaito cewa da aka tambayi Manzon Allah a kanta, sai ya yi mata bushara da lada biyu, na sadaka da na zumunci. Wannan bai rage darajar Ibn Mas'udu da ƙwayar zarra ba.

A ƙasarmu ma ga misali. Gidado ɗan Laima shi ne Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, matarsa kuwa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana naɗa jajis su kai ilmi ga matan ƙauyuka. Sunanta ya kai inda na maza da yawa bai kai ba, kuma duk a gidan Waziri ta yi wannan aiki. Bayan rasuwar Bello a 1837, shi da ita suka duƙufa wajen rubuta tarihin Shehu da jama'arsa. Da Gidado ya toshe mata hanya, da asarar ta shafe mu har yau.

Sai dai kuma akwai wani rami a ɗaya ɓangaren. Matar da aka naɗa mijinta kwamishina sai ta daina gaida maƙwabta, a gidan suna ba ta da zance sai motarsa. Namijin ma sai ya riƙa yi wa 'yan'uwansa gori da muƙamin matarsa. Wannan shi ne alfaharin da shari'a ta hana, domin Allah ba ya son mai girman kai, mai fariya. Muƙami riga ce ta aro. Mun ga waɗanda aka yi wa jiniya jiya, yau suna tafiya a ƙasa.

Ma'auni mai sauƙi ne. Idan labarin ɗaukakar abokin zamanka ya zo, ka duba harshenka: in "Alhamdu lillahi" ce ta fara fita, ka kuma ji tsoron amanar da ta hau kansa, to farin cikinka ibada ne. Ka taya shi da addu'a, ka rage masa nauyin gida, ranar da kuma ya so taɓa haƙƙin jama'a ka zama farkon mai ja masa kunne. Ungozomar da ta ceci mai naƙuda da tsakar dare, mijin da ya zauna da yara ya bar ta ta fita, muna kyautata zaton yana da kaso cikin ladan.

Allah ya tsarkake zukatanmu daga hassada da fariya, ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.