Rigar da Hannatu Ta Ɗinka

Karatu: 1 Sama'ila 1:24-28, 2:18-19

Watan Satumba ya kama, gero ya nuna a gonakin Tofa, makarantu kuma sun buɗe. Ka kai ɗanka ajin nazare yana kuka, ya riƙe bakin rigarka, ga aiki yana jiranka. Sai zuciyarka ta tambaye ka: wanda ya bar yaro ɗan shekara 4 a hannun wani, bai ci amana ba?

Dubi Hannatu. Da ta yaye Sama'ila, ta kai shi Shilo wurin Eli, domin ta san Ubangiji ne ya ba ta shi. Amma ba ta cire hannunta ba. Kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa, kuma mai ɗinki sai ya lura da girman yaro.

Miƙa yaro ba laifi ba ne. Cin amana shi ne ka miƙa, ka manta. Ka san malamarsa. Ka ɗora masa hannu da safe. Da yamma, komai gajiya, ka saurari labarinsa.

Addu'a: Uba, ka kiyaye fitarsa da dawowarsa, cikin sunan Yesu. Amin.