Haƙuri Ba Kwanciya Ba Ne: Nasiha Ga Masu Ciwon Laka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk mai zuwa dubiya Asibitin Nassarawa, watau Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, ko Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe a 1959, ba zai rasa ganin bayin Allah waɗanda haɗarin mota ko faɗowa daga bisa ya taɓa musu laka ba. Laka ita ce jijiyar da ke cikin ƙashin baya, mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. In ta yi mummunan rauni, sai abin da ke ƙasa da raunin ya shanye.

Abin takaici, da an sallamo majinyaci sai a shimfiɗe shi a ɗaki, a daina kai shi gashin ƙashi, wai an bar wa Allah. Wannan ba tawakkali ba ne, sakaci ne. Ku dubi Annabi Ayuba, alaihissalam. Allah Mai iko ne Ya warkar da shi yana kwance, amma a Suratu Sad, aya ta 42, sai Ya umurce shi ya bugi ƙasa da ƙafarsa, sa'an nan ruwan waraka ya samu. Ashe motsi ma sababi ne.

Haka nan Buhari ya ruwaito cewa da ciwo ya matsa wa Imrana ɗan Husaini, Manzon Allah bai ɗauke masa salla ba. Ya nuna masa ya yi ta a zaune in tsayuwa ta gagara, ko a kishingiɗe in zama ya gagara. Abin da ka iya, shi ake nema gare ka.

Saboda haka lalle ne iyali su riƙa juya majinyaci bayan kowace awa biyu don gudun gyambon kwanciya, su tsabtace robar fitsari, su motsa masa gaɓoɓi kada su sandare. Ba kowa ne zai sake takawa ba, wannan gaskiya ce. Amma wanda ya lazimci gashi hannuwansa kan yi ƙarfi, ya yi alwala da kansa, ya tura kekensa zuwa kasuwa, ya ci guminsa. Ku kuma masu gina masallatai, ku yi wa ƙofa gangare domin ɗan'uwanku ya samu sahu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da Aljanna. Wassalamu alaikum.